Yara Arba'in, Ƙwallo Ɗaya

Maganarmu ta yau ta 'yan makaranta ce, musamman ku na ƙasar Yandaka da ta Maraɗi, watau Dutsin-Ma da Kurfi, da kuma 'yan'uwanmu malamai waɗanda aka ɗora wa kula da wasanni. A kan ƙwallon ƙafa za mu yi ta, abin nan da iyayenmu ke ce wa tamaula. Kada wani dattijo ya ga kan maganar ya ce yau kuma malamai sun rasa abin yi sun koma wasan yara. I, wasan yara ne, amma a cikinsa akwai mai rabo da marar rabo, akwai adalci da danniya, kamar yadda suke cikin kowace harka ta manya.

Kowa ya bi hanyar nan da ta taso daga Katsina ta ratsa Kurfi ta shiga Dutsin-Ma, in ya dace da bayan la'asar, ba zai rasa ganin ƙura ta turnuƙe a filin wata makaranta ba. In ya tsaya ya duba, ga abin da zai gani. Yara wajen 40, manya da ƙanana, sun rabu biyu, ƙwallo kuwa ɗaya tak. Inda ya nufa duk can za su ɗunguma, sai ka ce kaji an watsa musu tsaba. Ƙarfafa uku ko huɗu su ke ta bugu, sauran sai gudu da ihu. Wanda ya fi kowa ƙanƙanta shi ake turawa tsaron gida, ko a ce ya tsaya bayan fili ya riƙa ɗauko ƙwallo in ya fita. Malam yana gefe da usur a baki. Magariba ta gabato a watse, kowa ya nufi gida jiƙe da gumi, a ce yau an yi horo. An dai yi gudu, an kuma sha ƙura, amma koyo bai samu ba sai ga waɗanda da ma sun iya.

Mu Buga Lissafi

Da yake aikinmu koyarwa ne, bari mu kawo maganar kan allo. Sa'a guda minti 60 ce. In yara 40 suka raba ta daidai wa daida a kan ƙwallo ɗaya, kowane yaro ya tashi da minti 1 da rabi ke nan. To, a cire lokacin da ƙwallon ya faɗa gonar wani aka tsaya nema. A cire na gardamar ci ne ko ba ci ba ne. A cire kuma kason ƙarfafan nan da ba su san raba daidai ba. Me ya rage wa ƙaramin yaro? Mai shakka ya gwada, gama gani ya kori ji. Ya sami takarda da fensir ya zauna bakin fili, ya zaɓi yaro guda daga cikin ƙanana, duk sa'ad da ƙafarsa ta taɓa ƙwallo ya ja layi ɗaya. Mun sha gwadawa, ba safai layukan ke cika yatsun hannu biyu ba.

Ku tuna makarantar allo ta unguwarku. Kowane almajiri da allonsa, da tawadarsa, da alƙalaminsa. Da a ce malam zai ajiye allo guda ga yara 40, ya ce wanda ya fi ƙarfi shi ke riƙewa, yaushe na baya za su gane babbaƙu, balle su kai ga farfaru? Ɗan maƙeri ma komai daɗewarsa yana zuga, ba zai iya ƙira ba sai ran da aka miƙa masa masaba. Haka ƙafa take. Ba ta koyo da kallo, sai da taɓi, yau da gobe, har ta saba. Lokacin da muke kwalejin horon malamai an yi ta nanata mana cewa darasin da malami ya yi shi kaɗai yara na kallo, malamin ne ya ƙaru. Wannan magana ba ta tsaya a ƙofar aji ba, har fili ta kai.

Yanzu mu sāke lissafin. A kawo ƙwallo 5, a kasa yaran nan 40 takwas takwas, kowane kashi su kara huɗu da huɗu. Rabon kowane yaro ya koma minti 7 da rabi, watau ninki biyar na da, ba tare da an ƙara ko minti guda bisa lokacin ba. Fili kuwa ba zai gaza ba. In filin makarantarku ya kai yadi 100 a tsawo da yadi 60 a fāɗi, ku raba tsawon uku, fāɗin biyu, sai ga ƙananan filaye 6, kowanne yadi 33 da yadi 30. Yara 48 ke nan suna wasa a lokaci guda, babu mai zaman kallo. Hausawa sun ce in dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Dambunmu ya yi yawa, maganinsa a kasa shi ƙananan akusa.

Kada ku zaci wannan dabara ta matalauta ce. Ƙasar Jamus ta ɗauki kofin duniya sau 4, kuma ba ta rasa filaye ko kuɗi ba. Duk da haka, tun daga kakar wasa ta 2024 hukumar ƙwallonta ta wajabta wa ƙananan yara wasan 'yan kaɗan. 'Yan shekara 6 da 7 sukan kara biyu da biyu ko uku da uku a kan 'yan ƙananan raga, a riƙa ƙara yawansu sannu sannu yayin da suke girma. Dalilinsu shi ne namu, watau kowane yaro ya yi ta taɓa ƙwallo.

Wani zai ce, ashe Nijeriya ba ta ɗauki kofin duniya na samari sau 5 ba, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015? Wa ya kasa musu fili shida? To, a tambayi irin waɗannan 'yan wasa inda suka fara. Galibinsu a lungu ne, ko ƙofar gida, ko bayan kasuwa, su uku uku, duwatsu biyu su ne raga. Ku kanku in kuna unguwa haka kuke yi, ba wanda ya koya muku. Ashe dabarar tamu ce tun da. A makaranta ne muke tattara ku wuri guda mu kashe ta, don muna kwaikwayon wasan manya na mutum 11 da muke gani a talabijin.

Rashin Kaya

Mun san abin da za a ce, wai ina aka ga ƙwallo 5 alhali guda ɗayan ma da karo-karo aka saye shi? Ga amsa. A 1949 'yan wasan Nijeriya 18 suka shiga jirgin ruwa zuwa Ingila. Yawancinsu ba takalmi suka yi wasa, amma karawarsu ta fari suka ci wata ƙungiya mai suna Marine 5 da 2. Pele na Brazil, wanda ya ɗauki kofin duniya a 1958 da 1962 da 1970, da safa ya fara, an cusa mata takardu an ɗaure baki. Saboda haka kowane yaro ya haɗa nasa. Ku tara tsumma ko leda ku dunƙule tam, ku naɗe da igiya ko tsinken roba, ku sa cikin tsohuwar safa. Bai yi kyan na kanti ba, amma da babu gara ba daɗi. Yana ma da wata fa'ida, gama ba ya tsalle, ba ya gudu da nisa, sai ya tilasta wa yaro ya riƙe shi kusa da ƙafa.

In makaranta ta sami halin saye, gara ƙanana uku masu araha da babba guda mai tsada. Ƙwallon manya, wanda ake kira lamba 5, nauyinsa giram 410 zuwa 450 ne, ya yi wa ɗan shekara 8 nauyi. Lamba 3 ko lamba 4 shi ne daidai ƙafarsa. Sauran kaya kuwa duk suna nan kewaye da mu. Toka ta isa jan layi. Karan dawa ko gwangwani cike da yashi ya isa alama. Takalmanku biyu sun isa raga.

Yadda Za A Raba Sa'ar

Ga yadda muke raba minti 60 ɗin nan, kwana uku a mako. Kowane ƙaramin fili a naɗa masa monita guda daga manyan aji, shi zai riƙa ƙidaya da raba gardama, malam kuwa ya yi ta zagayawa.

Minti 10 na fari na ɗumama jiki ne. A fara da sassarfa, sa'an nan gudu gefe gefe, sa'an nan da baya da baya. Kana a yi tsalle, a koya wa yaro ya sauka bisa ƙafa biyu, gwiwa a ɗan lanƙwashe, kada ta karkata ciki. A rufe da langa, minti ɗaya a ƙafar dama, minti ɗaya a ta hagu. Kada ku raina langa don tamu ce ta gargajiya. Duk mai bugun ƙwallo bisa ƙafa ɗaya yake tsaye lokacin da yake bugu, wanda kuwa ya iya langa ba ya faɗuwa da ɗan turi. Hukumar ƙwallo ta duniya, FIFA, tana da wani tsari na ɗumama jiki mai suna 11+, wanda cikinsa har da tsayuwa bisa ƙafa ɗaya da koyon sauka daga tsalle. A 2008 aka buga sakamakon gwajinsa a ƙasar Norwe kan 'yan wasa mata kusan 1,900, aka ga rauni ya ragu da wajen kashi ɗaya cikin uku. Rigakafi ya fi magani.

Minti 10 na biyu na jan ƙwallo ne, nan ne na tsumma zai yi rana. A shata murabba'i mai taku 15 kowane gefe, yara 8 su shiga, kowa da nasa. Kowane taku a taɓa ƙwallo sau ɗaya, da cikin ƙafa, da bayanta, da tafinta, ba tare da an yi karo da juna ba. Babban ciwon mai koyo shi ne sunkuyar da kai. Maganinsa monita ya riƙa ɗaga yatsu, wani lokaci biyu, wani lokaci huɗu, yara su faɗi adadin da ƙarfi ƙwallo na ƙafarsu. Wanda bai ɗaga kai ba ba zai iya faɗa ba. Bayan wannan a jera duwatsu bibbiyu nan da can su zama ƙofofi, a ga ƙofa nawa kowa zai ratsa cikin minti guda. Kowa da kansa yake tsere. Wanda ya ratsa 8 jiya, ya nemi 9 yau.

Minti 10 na uku na miƙawa da tarewa ne, nan za mu ɗan daɗe, don shi ne tushen wasan duka. Yara su tsaya bibbiyu, taku 10 tsakaninsu. Mai bugu ya dasa ƙafarsa ɗaya a gefen ƙwallo, yatsunta na kallon abokinsa, gama inda wannan ƙafa ta kalla can ƙwallon zai nufa. Ya buɗe ɗaya ƙafar ya bugi tsakiyar ƙwallon da cikinta, idon sahu a ƙage, kada ya yi laƙwas. Bugu da tsinin babban yatsa shi ne abin da kowane yaro ke fara yi, yana da ƙarfi amma ba shi da saiti, ga shi kuma yana fasa farce. Mai tarewa kuwa ya yi kamar an jefo masa ƙwai. Ya miƙa ƙafa ya tarye shi, da ya taɓa sai ya ɗan janye ta baya, ƙwallon ya kwanta gabansa. In ya sandare ƙafa, sai ya koma inda ya fito.

A nan ma akwai lissafi mai daɗi. In ana miƙawa sau ɗaya cikin daƙiƙa 3, sau 20 ke nan a minti, kowane yaro 10. Cikin minti 10 kowa ya buga sau 100. In zangon karatu mako 12 ne, kwana uku uku, horo 36 ke nan, kowane yaro ya buga sau 3,600. Ku gwama wannan da 'yan layukan nan da ba su cika yatsu goma ba. Yau da gobe shi ya sa allura ginin rijiya. Sharaɗi guda, rabin adadin a yi shi da ƙafar da ba a saba da ita ba. Za ta yi nauyi, abokai za su yi dariya, amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mai ƙafa ɗaya da an gane shi an gama da shi, sai a tare masa gefen nan kawai.

Ku lura kuma da ƙasar da kuke wasa a kai. A jigawa yashi yana cinye ƙarfin ƙwallo, sai an buga da nauyi kafin ya isa. A fako kuwa gudu yake yana tsalle, sai an sassauta, a kuma yi saurin tarewa. Yaron da ya saba da duka biyun ba filin da zai ba shi mamaki. Wanda bai sami abokin yi ba a gida ya nemi bangon siminti, gama bango ba ya gajiya, yadda ka ba shi haka zai mayar maka. Amma fa ban da katangar ƙasa ta maƙwabta, kada a kawo ƙararku wurin mai unguwa.

Minti 10 na huɗu wani wasa ne da muka sa wa suna kura a tsakiya. Yara 6 su yi da'ira, 2 su shiga ciki su zama kuraye. Na waje su yi ta miƙa wa juna, na ciki na neman ƙwacewa. Wanda ƙwallo ya ɓace a ƙafarsa shi zai shiga ciki. Da gani kamar wasan dariya, amma ƙungiyar Barcelona ta ƙasar Sifen ta mai da irinsa abincin kullum, musamman tun zamanin da Johan Cruyff ya horar da ita daga 1988 zuwa 1996, kuma da shi aka reni gwanaye irin su Xavi da Iniesta. Abu uku yake koyarwa. Na ɗaya, ka duba inda za ka kai ƙwallo tun bai iso gare ka ba. Na biyu, in ka miƙa kada ka tsaya kallo, gusa inda abokinka zai gan ka. Na uku, kada ka ɓoye bayan kura kana kiran a ba ka. Ƙananan aji a fara musu da kura guda da da'ira mai fāɗi, in sun gwanance a matse da'irar.

Minti 20 na ƙarshe na wasa ne sosai, huɗu da huɗu, raga mai fāɗin taku 2, ba mai tsaron gida. A yi karawa 5, kowace minti 4. Da an busa usur, waɗanda suka ci su matsa fili na gaba, waɗanda aka ci su koma na baya. Kafin a gama za ku ga kowa ya sami daidai da shi, ba wanda ake yi wa cin ƙaniya, ba kuma wanda ya rasa abokin karawa. Wani lokaci a sa doka, a ce ci bai halatta ba sai an miƙa sau uku, ko a ce cin ƙafar hagu biyu ne. Doka guda irin wannan ta fi tsawa goma gyara yaro mai rowar ƙwallo.

A nan muna roƙon 'yan'uwanmu malamai su rage magana. In kana ta ihu, buga, miƙa, koma, to, kai ke wasan, yaron ƙafa kawai ya ara maka. Bar shi ya zaɓa, ya kuskure, ya sāke zaɓa. In an tsaya shan ruwa sai ka tambaye shi, "Da ka ga an tare ka, wa ke sake a hagunka?" Amsar da ya nemo da kansa ita za ta zauna. Bulala kuwa ba ta da wuri a fili ko kusa, gama yaron da ke tsoron kuskure gudun ƙwallo zai riƙa yi. Babban wasa na fili duka ba mu ce a kashe shi ba. A ware masa rana guda a mako, a kuma riƙa juya tsaron gida, kowa ya ɗanɗana, kada ya zama hukuncin ƙanƙanta.

Abin Da Za A Kiyaye

Na fari, ruwa. Da bazara, cikin Maris da Afrilu, zafin ƙasarmu yakan kai digiri 40. Kada a fara sai rana ta yi sanyi, a kuma tsaya shan ruwa kowane minti 15 ko 20. Madatsar Zobe tana nan kusa, amma duk yawan ruwanta ba ta kashe ƙishin yaron da ke fili sai an cika tulu an ajiye a inuwa. Tsohuwar maganar nan wai shan ruwa cikin wasa yana sa nauyin ciki a bar ta. Yaron da ya ce kansa na juyawa a kai shi inuwa nan da nan. Da azumi a taƙaita, a bar gudu mai yawa. Da damina kuma a tuna da yawanku daga gona kuka fito.

Na biyu, fili. Kafin a fara, yara su jeru kafaɗa da kafaɗa su ratsa shi, suna tsince ƙaya da tsidau da fasasshen kwalba. Minti 2 ya isa. Wanda ya ji ciwo a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu a rufe, in ya yi zurfi a kai shi asibiti, ban da zuba ƙasa.

Na uku, bugu da ka. Wuyan ƙaramin yaro bai yi ƙwari ba, ƙwaƙwalwarsa kuma tana kan girma. A 2015 hukumar ƙwallon Amurka ta hana 'yan shekara 10 zuwa ƙasa sa kai, a 2020 ta Ingila ta ce kada a koyar da shi ga 'yan firamare wurin horo. Mu ma mu jinkirta shi. Ƙafa tana da aikin da zai ishe ta shekaru.

Na huɗu, shekaru. A kasa yara bisa ga tsara, kada a haɗa ɗan shekara 8 da ɗan 14. In kuma za a kara da wata makaranta, aka ce 'yan ƙasa da 13, to, su kaɗai za a kai. Malamin da ya aske wa ƙato gemu ya sa shi cikin yara don neman kofi ya yi ɓarna biyu, ya hana mai haƙƙi wurinsa, ya kuma koya wa aji guda cewa ƙarya tana biya. Ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. Tun gasar 'yan ƙasa da 17 da aka yi a nan Nijeriya a 2009 FIFA ta shiga ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu da na'ura don gane masu rage shekaru.

Aikin Malamai Ne

An tsara dokokin wasan nan a birnin Landan a 1863. A ƙasarmu kuwa ta ƙofar makaranta ya shigo. Karawar farko da aka rubuta labarinta a Nijeriya a Kalaba aka yi ta a 1904, tsakanin makarantar Hope Waddell da ma'aikatan wani jirgin ruwan Ingilishi. Nan Arewa, Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 don horon malamai take, waɗanda ta yaye kuwa sun bazu cikin larduna da littafi da wasannin makaranta tare. Ashe gādo ne a hannunmu. Yau ga Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita a Dutsin-Ma, ga Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, cike da samari masu jini a jika. Da kowane ɗalibi mai sha'awar wasa zai ba makarantar firamare ta kusa da shi yamma guda a mako, da filaye shidan nan ba su rasa mai kula ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ku kuma yara, ga taku. Mun san kowannenku yana mafarkin ran da zai sa rigar Katsina United ya fito filin wasa na Muhammadu Dikko, ko ya bi sawun Ahmed Musa, wanda ya tashi daga Jos ya yi suna a Kano Pillars, har ya ci Ajantina biyu a kofin duniya na 2014, ya ci Iceland biyu a na 2018. Mafarki ne mai kyau, ba mu hana ku ba. Amma ku sani masu kaiwa can 'yan kaɗan ne ƙwarai, kuma ko wanda ya kai, ƙafa tana tsufa tun mai ita bai tsufa ba. Saboda haka wanda bai zo aji da safe ba kada ya zo fili da yamma. Abin da kowa zai tashi da shi daga fili, gwani da wanda ba gwani ba, shi ne lafiyar jiki, da haƙuri in an ci shi, da kunya in ya ci, da sanin cewa na kusa da shi ma yana da rabo.

Manyanku kuwa, ku da kuka iya, a kanku nauyin ya fi yawa. Gwanintar da ba ta iya miƙa wa ƙarami ba ba ta cika ba. Ku tuna wani ne ya haƙura ya ba ku har kuka iya. Cikin makon nan kowa ya dunƙula ƙwallonsa na tsumma, a tara toka, a auna fili da taku a kasa shi shida. Bayan wata guda a sāke ɗaukar takarda da fensir, a zaɓi yaro mafi ƙanƙanta a ja masa layi, a ga ko yatsu za su isa ƙidaya. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Allah ya raya mana ku, ya ba ku lafiya da ilmi mai amfani, amin.